Yadda na ɗora Cluster Autoscaler a kan gungun EKS da ya riga ya fara aiki

Ranar da na ƙudurta yin wannan aiki ina Zariya, a gidan bikin ƙanwar matata. Aikinmu shi ne kula da wani shafi da makarantu masu zaman kansu ke sakin sakamakon ƙarshen zango a kai, iyaye su shiga da lambar ɗalibi su ga abin da yaro ya ci. Shafin yakan yi wata uku shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, sai ranar Juma'ar da aka ba da hutu, bayan la'asar, kowa ya ɗauko waya lokaci guda. Gungunmu na Kubernetes, wato tarin na'urorin da tsarin Kubernetes ke raba wa manhajojinmu wurin gudu a kansu, yana kan EKS, hidimar Kubernetes ta Amazon, a yankin Landan, kuma a lokacin na'urori uku ne a cikinsa, nau'in m5.large. Mun riga mun sa Horizontal Pod Autoscaler, mai ƙara kwafin manhaja in aiki ya yi yawa, ya kuma yi nasa aikin: da jama'a suka yi yawa ya ƙara fod-fod, wato ƙananan ɗakunan da kwantenoninmu ke gudu a ciki. Sai dai babu wurin da za su zauna. Goma sha ɗaya suka tsaya a matsayin Pending, wato suna jiran wuri, shafin ya fara jan ƙafa, shugabannin makarantu suka fara kira. A cikin mota na zauna da kwamfuta a cinya, na jona intanet da waya, na ƙara na'urorin zuwa bakwai da hannuna. Komai ya lafa. Sai bayan kwana tara na tuna ban rage su ba. Mu naira muke karɓa a hannun makarantu, kuɗin gajimare kuwa, wato hayar na'urorin Amazon, da dala ake biya, don haka kwana taran nan sun ci mana aljihu ba kaɗan ba.

Abin da zan nuna maka shi ne yadda na ɗora Cluster Autoscaler, manhajar da ke ƙara na'urori da rage su da kanta, a kan wannan gungu ba tare da na rushe shi ko na kashe shafin ba. In kana kan GKE na Google ko AKS na Microsoft, kunna shi kawai ake yi da umarni ɗaya, domin yana cikin gidan. A EKS kai za ka shigo da shi, ka ba shi izini, ka nuna masa na'urorin da zai taɓa.

Ka fara sanin abin da yake ƙirgawa

Mafi yawan waɗanda na gani sun sha wahala da shi, sun ɗauka yana kallon yadda na'ura ke wahala ne, in CPU ya kai kashi 90 ya kira wata. Ba haka yake aiki ba, ko kusa. Ka tuna ɗan kamasho a tashar mota. Ba ya leƙa cikin mota ya ga ko fasinjoji sun takura ko suna gumi. Kujeru yake ƙirgawa. In ga fasinja a tsaye riƙe da jaka kuma babu kujera a motocin da ke lodi, sai ya kira mota ta gaba a layi. In ya ga wata mota da mutum biyu kacal kuma akwai wuri a sauran, sai ya ce su sauko su koma can, motar ta tafi ta huta.

Haka Autoscaler yake. Duk daƙiƙa 10 yana dubawa ko akwai fod ɗin da mai rabon wuri na Kubernetes ya kasa samar wa na'ura. In akwai, sai ya lissafa a ransa: da an kawo sabuwar na'ura daga rukunin Auto Scaling, wato rukunin na'urorin da Amazon ke riƙe adadinsu a lambar da aka ba shi, fod ɗin zai shiga? In zai shiga, ya ƙara adadin da rukunin Auto Scaling ke buƙata, Amazon ya taso da na'urar. Kujerar da yake ƙirgawa kuwa ita ce abin da ka rubuta a ƙarƙashin `requests` a fayil ɗin manhajarka, ba abin da manhajar ke ci a zahiri ba.

A nan aikin gaskiya yake, kuma na fi ɓata lokaci a kansa fiye da duk sauran. Fod ɗin da ba shi da `requests` kamar ƙaton mutum ne da aka rubuta shi a matsayin yaron da za a ɗora a cinya. Za a yi ta cusa irinsa a na'ura ɗaya har ta shaƙe, ba wanda zai tsaya a Pending, Autoscaler kuma ba zai ga dalilin motsi ba. Wanda ya nemi fiye da cinsa kuwa ya biya kujera biyu ne ya zauna a ɗaya. Namu laifin na biyun ne. Babbar manhajarmu tana neman `cpu: 1000m`, wato CPU ɗaya cikakke, alhali da na bi ta da `kubectl top pods` na tsawon mako guda, har da ranar cunkoso, ba kasafai take wuce 200m ba. Na'urar m5.large tana da CPU biyu da memori gigabait 8, amma abin da ake iya rabawa bayan tsarin ya cire nasa 1930m ne, sannan `aws-node` da `kube-proxy`, fod-fod na tsarin da ke kan kowace na'ura, su ɗauki ɗan rabonsu. Ma'ana fod ɗaya tak ke shiga kowace na'ura, sauran wurin yana zaune a banza muna biya. Da na mai da shi 300m, biyar suka riƙa shiga. Da na ɗora Autoscaler kafin wannan gyara, da sai dai ya riƙa kira mini motoci rabinsu wofi, kuma da hanzari.

Don haka kafin komai, ka buga `kubectl describe node` a kan kowace na'ura, ka sauka ƙasa inda aka jera abin da aka ware, ka kwatanta da abin da `kubectl top` ke nunawa. Ka gyara duk inda tazarar ta yi yawa. Memori ka bar masa sarari fiye da CPU, domin manhajar da CPU ya yi wa kaɗan tafiyar hawainiya kawai za ta yi, wadda memori ya ƙare mata kuwa kashe ta ake yi.

Gyaran rukunin na'urori

Autoscaler ba ya ƙirƙirar na'ura da kansa. Lamba ɗaya yake murzawa a rukunin Auto Scaling, tsakanin mafi ƙaranci da mafi yawan da kai ka yanka masa. Gungunmu an kafa shi da uku, uku, uku, don haka ko da na ɗora shi ba shi da inda zai motsa. Ga yadda na buɗe masa hanya. Sunan gungunmu `makaranta`, rukunin kuma `manya`:

```
aws eks update-nodegroup-config \
  --cluster-name makaranta --nodegroup-name manya \
  --scaling-config minSize=2,maxSize=8,desiredSize=3
```

Lambar `maxSize` ita ce linzamin kuɗinka. Ka lissafa ta da alƙalami: in kuskure ya faru a manhaja har na'urori takwas suka kwana wata guda a kunne, za ka iya biya? In amsar a'a ce, rage ta.

Sai alamomi. Da su yake gane rukunin da ke hannunsa, kuma guda biyu ne: `k8s.io/cluster-autoscaler/enabled` da `k8s.io/cluster-autoscaler/makaranta`, na biyun da sunan gungunka a ƙarshe da darajar `owned`. In rukuninka irin wanda EKS ke kula da shi ne, an riga an manna su. In kai ka gina rukunin da hannu, sai ka manna su da `aws autoscaling create-or-update-tags`. Ko ta wane hali ka buɗe shafin EC2, inda Amazon ke jera na'urorinka da rukunansu, ka gani da idonka, domin harafi ɗaya da ya kauce a sunan gungu ya isa ya sa Autoscaler ya tashi lafiya ƙalau amma bai ga rukuni ko ɗaya ba.

Abu biyu kuma su ne ke jawo wani na tufka wani na warwara. Na farko, in akwai wata tsohuwar doka a rukunin Auto Scaling mai cewa a ƙara na'ura in CPU ya hau, a cire ta. Ita ba ta san fod ba, za ta iya kashe na'urar da ke cike da aiki. Na biyu, in da Terraform ake kula da gungun, wato manhajar da ke gina shi bisa abin da aka rubuta a fayil, duk lokacin da wani ya gudanar da shi zai so ya mai da adadin na'urori zuwa abin da ke rubuce a fayil. Maganinsa layi ɗaya ne a cikin bayanin rukunin:

```
lifecycle {
  ignore_changes = [scaling_config[0].desired_size]
}
```

In rukuninka yana da nau'o'in na'ura fiye da ɗaya, ka tabbata girmansu ɗaya a CPU da memori, misali m5.large da m5a.large. Autoscaler yana lissafi da siffar nau'i ɗaya ne, ya ɗauka sauran ma haka suke. In ka haɗa ƙarama da babba, zai kira mota yana zaton bas ce sai tasi ta zo.

Akwai wani tarko da ya shafi masu faifan ajiya na EBS. Amazon ya raba kowane yanki zuwa shiyyoyi, faifan EBS kuma a shiyya ɗaya yake zaune, ba ya ƙetarawa. Ka ce rumbun bayananka yana da faifai a `eu-west-2a`, rukuninka kuma ya shimfiɗu a shiyyoyi uku. Fod ya tsaya a Pending, Autoscaler ya nemi ƙarin na'ura, sai ta taso a `eu-west-2c`. Na'ura ta zo, fod bai shiga ba. Abin da ake yi shi ne a raba rukuni ɗaya ga kowace shiyya, sannan a kunna `balance-similar-node-groups` don ya riƙa daidaita su. Mu rumbun bayananmu yana wajen gungu, a RDS, hidimar rumbun bayanai ta Amazon, shi ya sa na bar rukuni ɗaya. In kana da zaɓi, ni ina ganin wannan ya fi kwanciyar hankali.

Izini

Hanya mafi sauƙi ita ce ka liƙa izinin a matsayin IAM na na'urorin gaba ɗaya (IAM shi ne tsarin ba da izini na Amazon), kuma za ka ga masu yin haka. Kada ka bi su. Yin haka yana nufin duk fod ɗin da ke gungun, har da wanda ke karɓar saƙo daga waje, zai iya samun ikon kashe na'urorinka. A ba Autoscaler shi kaɗai. Ga takardar izinin, na ajiye ta da suna `izini.json`:

```
{
  "Version": "2012-10-17",
  "Statement": [
    {
      "Effect": "Allow",
      "Action": [
        "autoscaling:DescribeAutoScalingGroups",
        "autoscaling:DescribeAutoScalingInstances",
        "autoscaling:DescribeLaunchConfigurations",
        "autoscaling:DescribeScalingActivities",
        "autoscaling:DescribeTags",
        "ec2:DescribeImages",
        "ec2:DescribeInstanceTypes",
        "ec2:DescribeLaunchTemplateVersions",
        "ec2:GetInstanceTypesFromInstanceRequirements",
        "eks:DescribeNodegroup"
      ],
      "Resource": "*"
    },
    {
      "Effect": "Allow",
      "Action": [
        "autoscaling:SetDesiredCapacity",
        "autoscaling:TerminateInstanceInAutoScalingGroup"
      ],
      "Resource": "*",
      "Condition": {
        "StringEquals": {
          "aws:ResourceTag/k8s.io/cluster-autoscaler/makaranta": "owned"
        }
      }
    }
  ]
}
```

Kashin farko duk na kallo ne. Masu haɗari su ne biyun ƙasa, ƙara lamba da kashe na'ura, shi ya sa na ɗaure su da sharaɗin cewa sai rukunin da ke ɗauke da alamar gungunmu. In kana da gungun gwaji da na aiki a asusu ɗaya, wannan sharaɗi shi zai hana na gwaji ya taɓa na aiki.

```
aws iam create-policy --policy-name IzininAutoscaler \
  --policy-document file://izini.json

eksctl utils associate-iam-oidc-provider \
  --cluster makaranta --approve

eksctl create iamserviceaccount --cluster makaranta \
  --namespace kube-system --name cluster-autoscaler \
  --attach-policy-arn arn:aws:iam::LAMBAR_ASUSU:policy/IzininAutoscaler \
  --approve
```

Tun ƙarshen 2023 akwai wata hanya mai suna EKS Pod Identity da ke yin wannan aiki ba tare da OIDC ba, wato hanyar tantance asusun hidima da na kunna a umarni na biyu a sama. Tana aiki, kuma ta fi sauƙin saiti. Na tsaya a tsohuwar ne saboda sauran manhajojinmu da ita suke, ba na son salo biyu a gida ɗaya.

Ɗora shi

Wannan shi ne mafi gajarta. Ka fara duba sigar gungunka da `kubectl version`. Kowace sigar Kubernetes tana da tata sigar Autoscaler, domin a cikinsa akwai kwafin tunanin mai rabon wuri, kuma dole su yi lissafi iri ɗaya. Gungu 1.31 sai Autoscaler 1.31. Kada ka bar Helm, manhajar da za mu ɗora shi da ita, ya zaɓa maka, kuma ka rubuta a wani wuri cewa duk ranar da aka ɗaga sigar gungun a ɗaga tasa.

```
helm repo add autoscaler https://kubernetes.github.io/autoscaler
helm repo update

helm install cluster-autoscaler autoscaler/cluster-autoscaler \
  --namespace kube-system \
  --set autoDiscovery.clusterName=makaranta \
  --set awsRegion=eu-west-2 \
  --set image.tag=v1.31.0 \
  --set rbac.serviceAccount.create=false \
  --set rbac.serviceAccount.name=cluster-autoscaler \
  --set extraArgs.expander=least-waste \
  --set extraArgs.balance-similar-node-groups=true \
  --set extraArgs.scale-down-enabled=false
```

Ka lura da layin ƙarshe. Gungun da ke ɗauke da jama'a ba wurin gwada kashe na'ura ba ne a ranar farko. Na hana shi ragewa, na bar shi yana ƙarawa kawai har tsawon kwana uku, ina kallon halinsa. Shi kuma `least-waste` yana cewa in akwai rukuni fiye da ɗaya da za su iya ɗaukar fod, a zaɓi wanda zai bar ƙaramin wuri a banza.

Bayan minti ɗaya ka nemo sunan fod ɗinsa da `kubectl -n kube-system get pods`, ka karanta abin da yake rubutawa da `kubectl logs`. In ka ga `AccessDenied`, izinin ne bai haɗu ba, galibi sunan asusun hidima ko wurin da aka ajiye shi ne ya bambanta. In kuma shiru, to duba wannan:

```
kubectl -n kube-system get configmap cluster-autoscaler-status -o yaml
```

A ciki za ka ga kowane rukuni da ya gano, da mafi ƙaranci da mafi yawansa. In babu rukuni, koma kan alamomi.

Gani ya kori ji, don haka ka ƙirƙiri cunkoson ƙarya da fod-fod da ba sa aikin komai sai cin kujera:

```
kubectl create deployment gwaji --image=registry.k8s.io/pause:3.9
kubectl set resources deployment gwaji --requests=cpu=500m,memory=256Mi
kubectl scale deployment gwaji --replicas=12
kubectl get nodes -w
```

Wasu za su shiga, sauran su tsaya. Ka yi `kubectl describe pod` a kan ɗaya daga masu jira. In ka ga `TriggeredScaleUp`, an kira mota. In `NotTriggerScaleUp` ka gani, ka karanta abin da ya biyo baya a hankali, domin yana faɗin dalili ƙarara: ko rukuni ya kai maƙura, ko fod ɗin ya fi ƙarfin na'urar, ko yana neman wata alama da rukunin ba shi da ita. A wajenmu sabuwar na'ura takan shirya cikin minti biyu zuwa uku. Ranar farko da na ga ta bayyana a allo ba tare da na taɓa komai ba, na kira abokin aikina ya zo ya gani.

Ragewa, inda kuɗin yake

Bayan kwana uku na share `gwaji`, na kunna ragewa da `helm upgrade`, na haɗa da `--reuse-values` da `--set extraArgs.scale-down-enabled=true`. Ƙa'idarsa ita ce: in abin da aka ware a na'ura, CPU da memori duka, ya gaza rabin abin da take iya ɗauka, kuma duk fod-fod ɗinta za su samu wuri a wasu na'urori, sai ya sa mata ido. In ta yi minti 10 a haka, ya kwashe su ya kashe ta. Haka kuma bayan kowane ƙari yakan jira minti 10 kafin ya fara tunanin ragewa. Saboda haka in ka zauna minti biyar ba ka ga motsi ba, ba lalacewa ya yi ba.

Amma akwai fasinjojin da ba ya iya saukewa, kuma ɗaya daga cikinsu ya isa ya riƙe mota. Fod ɗin da aka tayar shi kaɗai da hannu, babu Deployment ko wani mai kula da zai sake tayar da shi, ba ya taɓa shi. Irin wannan su ne waɗanda wani ya buɗe da `kubectl run` don ya duba wata matsala watanni uku da suka wuce, ya manta. Fod mai ajiya a jikin na'ura, `emptyDir` ko `hostPath`, shi ma yakan ƙyale shi don tsoron kada bayanai su salwanta. In ka san abin da ke ciki tarkace ne na wucin gadi, sai ka gaya masa da wannan alama a kan fod ɗin:

```
cluster-autoscaler.kubernetes.io/safe-to-evict: "true"
```

In ka mai da ita `"false"` kuma ka ce kada a taɓa. Da ita muke kare aikin da ke haɗa katunan sakamako zuwa PDF, wanda in aka katse shi a tsakiya sai ya faro daga farko. Fod-fod na `kube-system`, sashen da ayyukan tsarin kansa ke zaune, da ba su da PodDisruptionBudget, wato dokar da ke faɗin kwafi nawa za a iya saukewa lokaci guda, su ma suna riƙe na'ura. Wasu sukan kashe `skip-nodes-with-system-pods` su huta. Ni na gwammace in rubuta wa kowannensu nasa PodDisruptionBudget, musamman mai kula da sunaye a cikin gungu, domin in kwafinsa suka sauka lokaci guda manhajoji ba za su iya samun juna ba.

Wanda ya fi ba ni wahala kuwa ni na ɗaura shi da hannuna. Na'urori suka sauka daga shida zuwa uku suka tsaya cak, alhali na ce biyu. Mako biyu ina zaton haka lissafin ya bayar. Da na zauna na karanta abin da Autoscaler ke rubutawa, sai ga shi yana maimaita cewa ba zai iya cire na'urar ba saboda wani fod. Manhajar aika saƙon tes ce ga iyaye. Kwafi ɗaya take da shi, ni kuma na rubuta mata PodDisruptionBudget mai `minAvailable: 1`. Wato na ce dole kullum ɗaya ya kasance a raye, kuma ɗayan ne kaɗai, to ta yaya za a ɗaga shi? Na mai da kwafin biyu, cikin kwata na awa na'urar ta tafi. Ka binciki duk PodDisruptionBudget da ke gungunka da `kubectl get pdb -A`, ka dubi inda adadin da aka yarda a katse ya zama sifili.

Sannan ka tabbata manhajarka ta iya sallama. Kafin Autoscaler na'urorinmu sukan yi watanni ba a taɓa su ba. Yanzu kwashe fod ya zama abin yau da kullum. Manhajar da ba ta sauraron saƙon SIGTERM, wanda ake aika mata kafin a kashe ta, ta ƙarasa abin da ke hannunta kafin ta fita, za ta riƙa yanke wa mutane shafi a tsakiyar dubawa.

Katangun da ba ya gani

Wani lokaci Autoscaler zai yi kira amma mota ba ta zo ba. Yakan jira minti 15, in na'ura ba ta bayyana ba ya haƙura da rukunin na ɗan lokaci. Dalilin yana shafin tarihin ayyuka na rukunin Auto Scaling. Na farko da za ka zarga shi ne iyakar CPU da aka yanka wa asusunka a wannan yanki. Ana dubawa a Service Quotas, kuma neman ƙari ba nan take ake amsawa ba, don haka ka nema tun da wuri. Na biyu adireshin IP. A EKS kowane fod yana cin adireshi daga sabnet ɗinka, wato jerin adireshin da aka ware wa na'urorinka, kowace na'ura kuma tana riƙe wasu a ajiye. Sabnet mai girman /24 adireshi 251 ne kawai ake iya amfani da su a ciki, kuma suna ƙarewa da wuri fiye da yadda ake zato. Haka nan kowace na'ura tana da iyakar fod ɗin da za ta ɗauka bisa saitin asali: m5.large 29, t3.medium 17. In fod-fod ɗinka ƙanana ne masu yawa, wannan iyaka za ka fara cin karo da ita kafin CPU.

Za a ce maka me ya sa ba Karpenter ba, wanda Amazon ya fitar a 2021, mai taso da na'ura kai tsaye ba tare da rukunin Auto Scaling ba, yana zaɓar girman da ya dace da masu jira. Ga gungu babba mai ayyuka iri-iri, ina ganin ya cancanci a koma masa. Mu da ke da rukuni ɗaya da na'urori ƙasa da goma, Cluster Autoscaler ya hau kan abin da muke da shi ba tare da mun sauya gini ba, kuma duk wanda ya gaje ni zai iya fahimtarsa a yini ɗaya.

Abu na ƙarshe shi ne jinkirin minti biyu zuwa ukun nan. Ga yawancin ranaku ba komai ba ne. Ga ranar sakamako kuwa, iyaye dubbai suna shigowa cikin mintuna kaɗan, kuma Autoscaler sai ya ga mai jira yake motsi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu biyu nake yi. Na ɗaya, ina ajiye 'yan riƙon kujera: fod biyu na `pause`, kowanne yana neman 600m, da PriorityClass, wato matsayin fifiko, mai daraja -5. Da zarar fod na gaske ya zo babu wuri, mai rabon wuri zai tashe su ya ba shi kujerar nan take, su kuma su koma Pending, wanda shi zai sa a kira sabuwar na'ura. Kada darajar ta yi ƙasa da -10, domin duk abin da ya gaza haka Autoscaler ba ya kira masa mota. Na biyu, tunda kalandar makarantu a hannunmu take, ranar Alhamis da daddare nakan sake buga umarnin `update-nodegroup-config` da `minSize=5` da `desiredSize=5`. Ranar Litinin da safe in mai da `minSize` biyu, in bar shi ya kwashe sauran ɗaya bayan ɗaya. Wannan na Litinin ɗin ban ƙara dogara da ƙwaƙwalwata a kansa ba: yana cikin ayyukan da aka tsara su gudu da kansu, ƙarfe bakwai na safe agogon Najeriya, kuma in ya gama yakan turo mini adadin na'urorin da suka rage a waya.